Gidana ya kashe wa Hajiya mukayyif da tsakar rana: yaya zan koya masa ƙirga mutane?

Ɗan Rusaifa:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun jiya nake jujjuya ko in rubuta ko in yi shiru, don abin da kunya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina zaune a Rusaifa nan Makka, shakka, wato fulat, mai ɗaki uku da falo a hawa na biyu. Ni da uwargida da yara uku da mahaifiyata, Hajiya, wadda ta haura saba'in. Aikina a wani otal ne kusa da Harami, dawam ɗina, wato lokacin aikina, juyawa yake yi, wani mako safe wani mako dare. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, huɗu gare mu, uku sifilit masu rimot, ɗaya tsohon na taga mai murɗawa a ɗakin yara.

Faturar wutar watan Yuli, wato takardar kuɗin wuta, ita ce ta jawo komai. Kilowat 3,400 muka sha. A halala 18 kowane kilowat (halala ɗari ce riyal ɗaya), ka ɗora harajin kashi 15, sai ga riyal 700 da 'yan kai. Na tsaya ina kallon saƙon a waya kamar an aiko mini da sammaci. Kuma na san inda kuɗin ke zurarewa: yara su fice masallaci karatu su bar mukayyif yana ta huci a ɗakin da ko ƙuda babu.

Sai na sayo kaya. Ƙananan akwatuna uku masu kwaikwayon rimot, waɗanda ake haɗawa da waifai su riƙa ba sifilit umarni. Fulogi mai waifai guda biyu, ɗaya na mukayyif ɗin taga, ɗaya na hitar banɗaki. Makunni na fitilar bakin ƙofa, da na'urar jin motsi a banɗaki. Na zauna dare guda na tsara musu dokoki a manhaja. Fitilar ƙofa ta kama ƙarfe 6:30 na yamma. Hita ta kama ƙarfe 4 na asuba ta mutu ƙarfe 6. Sai babbar dokar da nake ta alfahari da ita: idan wayata da ta uwargida duka suka fita daga da'irar mita 200 daga gida, a kashe kowane mukayyif. Na kuma tattara rimot ɗin gaba ɗaya na kulle a durowa don kada yara su ɓata mini tsari. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar Alhamis ina wurin aiki, uwargida ta ɗebi yara bayan azahar suka tafi suna gidan yayarta a Shari' Mansur. Wayoyi biyu sun fita. Gida ya yi abin da na ce ya yi.

Na dawo bayan la'asar, ina buɗe ƙofa zafi ya dake ni kamar na leƙa tanda. Na tarar da Hajiya ta sauko daga gado ta zauna a kan tayil, ta jiƙa mayafinta ta yafa a ka, mafici a hannu ɗaya, carbi a ɗaya. Ta ce, "Sun ɗauke wuta tun ɗazu, amma ikon Allah, firij bai mutu ba." Na ce Hajiya me ya hana ki kira ni? Ta ce, "Kana wurin neman halaliyarka zan tayar maka da hankali a kan zafi? Mu da muka yi bazarar Kano babu ko fanka." Wajen awa uku ta yi a haka, a watan Agusta, a Makka. Alhamdu lillahi ciwon kai kawai ta yi, amma ni ban runtsa ba daren nan. Wayarta ƙarama ce mai maɓallai, manhaja ba ta san da zamanta a duniya ba. Rimot kuma yana durowata a kulle.

Na kashe dokar. Amma ba na son in watsar da abin gaba ɗaya, kuɗi na zuba, faturar kuma ba ta fasa zuwa ba. Yaya ake sa gida ya san akwai mutum a ciki alhali ba ya riƙe da babbar waya? Sai ƙananan matsaloli: fitilar banɗaki tana mutuwa mutum na tsakiyar wanka, sai ya ɗaga hannu yana kaɗawa kamar mai tsayar da tasi. Fulogin mukayyif ɗin taga kuma in na taɓa shi sai in ji ɗumi. Wanda ya sani ya taimaka.

Mai Gyaran Mukayyif, Jidda:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kafin a yi maganar ƙirga mutane, je ka zare fulogin nan na ɗakin yara yanzu, sannan ka dawo ka ƙarasa karantawa.

Shekarata fiye da goma ina wannan sana'a tsakanin Kandara da Bani Malik, kuma na ciro irinsa ya narke a bango ya fi a ƙirga. Mukayyif na taga mai tan ɗaya da rabi, in ya tsufa, yana jan wuta wajen am 9 ko 10 yana tafiya. Lokacin da kwamfuresa, wato injin sanyin da ke cikinsa, za ta tashi kuwa tana fizgar ninkin wannan sau da yawa na ɗan lokaci. Juya fuloginka ka karanta bayansa, da yawansu am 10 aka rubuta, masu dama-dama 13 ko 16, kuma wannan lissafin na abu ne kamar fitila ko butar shayi. Ɗumin da kake ji ƙarfen ciki ne yake cin kansa. In dole sai ka sarrafa na tagan, a sa masa kwantakta mai am 25 a cikin akwati, ƙaramin makunnin waifai ya riƙa ba ta umarni kawai, ita ta ɗauki nauyin. Mai aikin wuta ya haɗa, ba kai ba. Ya kuma auna layin tukuna, don tsofaffin gine-gine har yanzu akwai masu wutar bolt 127 da 220 a gida ɗaya.

Na biyu, kwamfuresa ba ta son a kashe ta a kunna nan take, tana buƙatar kamar minti uku iskar ciki ta daidaita. Sifilit yana da wannan jinkirin a cikin kansa. Tsohon na taga mai murɗawa ba lalle ba ne. To ka ɗauka wayarka tana bakin da'irar nan, tana shiga tana fita, gida yana kunnawa yana kashewa. Aikina kake nema mini.

Yanzu lissafi. Sifilit ɗaya in ya ci kilowat ɗaya da rabi a awa, ka hana shi awa shida kullum, kilowat 270 ke nan a wata, wajen riyal 56 har da haraji. Kuɗi ne, ban raina ba. Amma fitilar ƙofarka mai wat 9, ko ta kwana awa goma sha biyu tana ci, ba ta cin riyal ɗaya a wata. Ita kam don jin daɗi ka sa mata makunni, kada ka ce tsimi.

Ba na musun cewa kashewa ɗungurungum ta fi tsimi in za a daɗe a waje. Amma ni a gidan da ake da tsoho ko jinjiri ba na ba da shawarar dokar da ke kashewa. Ka sa ta ɗaga zuwa digiri 28. In gida ya yi kuskure, wanda ke ciki gumi kaɗan zai yi. In kuna nan ku bar shi a 24 kamar yadda hukumar tsimin makamashi take ta faɗa, ku daina wannan 16 da yara ke dannawa, ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana kwamfuresa hutu kawai yake yi. Ka wanke matacin iskarsa kowane mako biyu, ƙurar garin nan ba ta wasa.

Hita kuma, Alhaji, a Agusta? Ruwan tankin saman bene da rana ko shayi ka dafa da shi. Mu nan kashe ta muke yi duk bazara, sai famfon ruwan zafi ya koma shi ne mai ɗan sanyi, tunda tukunyar tana cikin inuwa. In sanyi ya shigo za ka tayar da ita, ka bari ta kai digiri 60 ka zubar da na farko kafin a yi wanka, saboda ƙwayar cutar da ke son ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya daɗe a kwance.

Ɗalibi a Zahran:

Kawu sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Injiniyancin lantarki nake karantawa, na kuma yi shekara biyu ina wasa da waɗannan abubuwa a ɗakina, bari in faɗi ɗan abin da na gano.

Kuskuren dokarka shi ne shaida ɗaya ta karɓa ta yanke hukunci. Kunnawa ba ta buƙatar hujja mai yawa, in gida ya yi zaton akwai mutum ya kunna, asarar halaloli ce. Kashewa ce take buƙatar shaidu. Ni uku nake sawa: wayoyi sun fita, an buɗe ƙofar waje an rufe, sannan an yi minti talatin ba a ji motsin kowa a ciki ba. In ɗaya ya ƙi, gida ya ɗauka akwai mutum.

Na'urar ƙofar ba tsada, maganaɗisu ne guda biyu, ɗaya a jikin ƙofa ɗaya a dogari. Dabarar kamar kaza ce a akurki. In ka rufe ƙofa sannan ka ji motsi a ciki, to tana ciki, kuma tana nan har sai an sake buɗewa, ko da ta yi shiru awa biyar. Da ranar Alhamis akwai wannan, Hajiya na tashi alwala sau ɗaya gida zai rubuta cewa da mutum, ba zai sake tambaya ba.

Na'urar banɗakinka ɗumin jiki take gani yana gilmawa. Wanda ya tsaya cik ba ta ganinsa, wanda ke bayan labule ko gilashi ma haka. Kuma in zafin wurin ya matso kusa da na jikin mutum, digiri 37, idonta yana raunana, don ba ta iya bambance mutum da bango sosai. Banɗakin da ba mukayyif a bazarar Makka ka ga ai an zo wurin. Mafi sauƙi ka ja lokacin mutuwarta zuwa minti goma sha biyar. In kana son na gaske, akwai mai aiki da rada, irin fasahar da ake hango jirgi da ita, wadda take jin ɗagawar ƙirji in mutum yana numfashi ko yana barci. Kamfanin Aqara suna yi, akwai kuma ƙaramin allo LD2410 mai arha ga mai iya haɗawa da kansa. Aibinta ta cika ji: fankar sama, labulen da iskar mukayyif ke kaɗawa, duk mutane ne a wurinta, wani lokaci har ta jiyo wanda ke bayan ƙofar katako.

Wayar ma kada ka yarda da ita ɗari bisa ɗari. Tsakanin duwatsu da dogayen gine-gine da hanyoyin cikin dutse na Makka, wurin da take nunawa yana tsalle. In ka koma duba ko tana kan waifan gida, wayoyi suna sakin waifai in sun yi barci, kuma na yanzu suna ɓoye lambarsu ta asali su ba rauta wata, sai ka kashe wannan a kan waifan gidanka kaɗai. Ko yaya dai, a jira minti goma sha biyar kafin a ce mutum ya fita.

Fitilar ƙofa kuma cire ta daga agogo. Magariba a Makka tana sauka wajen 5:40 a farkon Disamba, ta haura 7 a Yuli. Ƙarfe 6:30 ɗinka yanzu daidai yake, nan da wata uku za ku yi kusan awa guda a duhu. Yawancin manhajojin suna da zaɓin faɗuwar rana, ka ɗaura ta a can. In kuma ka shirya zama, akwai Home Assistant, manhaja ce kyauta da ake sawa a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a cikin gida, yawancin dokokinta suna aiki ko intanet ya yanke. Tana da lokutan salla a kan lissafin Ummul Ƙura da ake bi a Saudiyya, sai ka ce mata hita ta kama minti arba'in kafin asuba, fitilar falo ta rage haske awa ɗaya bayan isha. Ka dai tuna a Ummul Ƙura isha minti 90 ce bayan magariba, a azumi ta koma 120, ka duba da idonka ko ta gyara in watan ya kama.

Uwar Biyu, Madina:

Baban yara, Allah Ya huci zuciyar Hajiya, ko da yake na san ba ta ma yi fushi ba, iyayenmu ke nan.

Na karanta bayanin ɗana na Zahran, Allah Ya ƙara basira, amma ni ban ga abin da ya kai rada ɗakin tsohuwa ba. Ka buɗe durowa ka mayar mata da rimot ɗinta, ka zare akwatin nan daga ɗakinta gaba ɗaya. Matar da ta haife ka ba sai na'ura ta tabbatar tana numfashi ba kafin a bar mata sanyi. Riyal hamsin ɗin da Malam mai gyara ya lissafa, ka ɗauka kuɗin goronta ne.

Maigidana ya yi mana irin wannan bara, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Waɗanda suka ƙera abin nan gidan mutum biyu da kare suka hango, kowa da wayarsa, kowa ya fita ƙarfe takwas ya dawo ƙarfe biyar. Mu kuwa fa? Daga Rajab zuwa bayan Hajji gidana ba ya rabuwa da baƙi. Ƙanwar kakar maigida ta zo ziyara daga Katsina ta yi kwana tara, ɗan maƙwabcinmu na gida ya sauka da matarsa, wani ma ban san dangantakarmu ba sai da ya tafi. Wa zai tsaya yana shigar da wayar kowa a manhaja? Ga azumi, da dare ke komawa rana. Dokarsa ta ce ƙarfe goma sha ɗaya a kashe fitilun falo, mu kuwa lokacin muka dawo daga tarawihi, tire ya sauka, sai ɗif. Baƙuwar tawa ta ce a'uzu billahi, ta ɗauka wani abu ne.

Abin da ya raba mu da rigima maɓalli ne guda, mai batir, ya manna shi a bakin ƙofa daga ciki. Wanda zai fita na ƙarshe, ya leƙa ɗakuna ya tabbata ba kowa, sai ya danna. In ba a danna ba, gida ba ya taɓa komai. An manta, an yi asarar riyal biyu, shi ke nan.

Sai wata magana da ku maza ba kwa kawowa. Ka tambayi uwargida kuwa kafin ka sa wayarta tana ba da rahoton fitarta da shigarta? Ni dai na ce wa nawa in yana son sanin inda nake ya kira ni, bakina bai ciwo.

Na Maiurno:

Salam. Ni ɗan ƙari ne kawai ga wanda zai ce bari ya koma taima mai juyawa, irin mai haƙora da ake dannawa, tunda ba ruwanta da intanet. Na taho da guda daga Omdurman, da ita nake tayar da famfon ruwa a can. Na sa ta a nan Jidda, kwana biyu sai na ga fitila tana kamawa da hantsi. Ashe wutar Sudan da ta Najeriya bugu 50 take yi a daƙiƙa, ta Saudiyya 60, ƙaramin injin cikinta kuma da bugun wuta yake ƙirga lokaci. Kowace awa tana ƙara minti 12, kwananta a awa 20 yake cika. Ku duba an rubuta 60 a jiki, ko ku sayi mai lambobi da batir a ciki.

Ɗan Rusaifa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Na bari sai da na yi mako biyu ina gwadawa kafin in dawo.

Malam mai gyara, na zare fulogin a daren. Da na duba, ƙafa ɗaya ta yi baƙi, robar gefenta ta fara lanƙwashewa. Na ajiye shi a kan teburina a wurin aiki ina nuna wa duk wanda ya ce zai saya. Na tagan ya koma makunninsa na bango, babban yarona ne mai kashewa, in ya manta a rage masa kuɗin makaranta na ranar. Hita tana hutu sai Nuwamba.

Hajiya Uwar Biyu, maganarki ta yi zafi amma ta shiga. Na tambayi uwargida, ta yi dariya ta ce tun ranar farko abin bai kwanta mata ba, ta dai ga ina ɗoki ne. Mun cire wayarta, mun cire tawa. Na sa maɓallin bakin ƙofa, kuma ko an danna, falo da ɗakinmu 28 suke komawa in fitar ba ta wuce awa biyu ba, bayan nan su mutu. Abu ɗaya na bari na agogo: makon da nake dawam ɗin dare, ɗakinmu yana fara sanyi ƙarfe 7 na safe, kafin in iso in kwanta.

Ɗana na Zahran, fitilar ƙofa ta koma bin faɗuwar rana, jiya ana kiran salla a masallacin unguwa tana kamawa, har ƙaramar 'yata ta ce fitilar ma ta ji ladan. Banɗaki na ja shi minti goma sha biyar, an daina tsayar da tasi. Na sayo mai radar guda ɗaya na gwada a falo don son sani, kwana uku tana rantsuwa akwai mutum a ciki, ashe labulen taga ne. Na juya ta tana kallon kujeru, yanzu kuma in yara suka kwanta a ƙasa bayan kujera ba ta ganinsu. In akwai tsayin da ya kamata a kafa ta, faɗa mini.

Hajiya kuwa na kai mata rimot ɗinta har ɗaki, na durƙusa na faɗa mata gaskiya, cewa ba wuta aka ɗauke ba, ni ne. Ta dube ni ta ce, "To ai na sani, wa ya taɓa ganin an ɗauke wuta an bar firij?" Ta karɓa ta jefa a jakar carbinta. Shekaranjiya na shiga gaishe ta na ji ɗakin da ɗumi, na leƙa bango, ta sa shi a 30. Wai sanyin yana taɓa mata gwiwa.